Sarbo da wutarsa: inda masu haɗa jirgi mara matuƙi ke yin sakaci

Yanzu da wuya ka je babban biki a Kano ko Kaduna ba ka ji kukan jirgi mara matuƙi yana shawagi a saman rumfa ba. Matasa sun gani sun yi sha'awa, kuma da yawansu ba su tsaya a kallo ba. Ɗaliban fannin lantarki suna harhaɗa nasu da hannunsu, wasu don aikin kammala karatu, wasu don neman na kansu. Ina cikin masu murna da wannan ƙoƙari. Sai dai akwai wuri guda da nake ganin ana ta tuntuɓe a kansa shekara da shekaru, wato mazaunin kyamara, da ƙananan injinan da ke juya shi waɗanda ake kira sarbo, da wutar da ake ba su.

Yadda abin ke faruwa kusan iri ɗaya ne. Yaro zai tara kuɗi ya sayi gangar jirgi, injinan farfela huɗu, batir, allon sarrafa tashi, sannan kyamara. Sai aljihu ya kusa ƙarewa a tuna da abin da zai riƙe kyamarar. A leƙa shago a ce, "Alhaji, ba ni sarbo biyu, shuɗayen nan masu sauƙi." A dawo a soka wayoyinsu a jikin allon sarrafa tashi, tun da akwai ramuka a buɗe, a ce aiki ya kammala. Daga nan ɗayan biyu ne: ko dai hoton ya fito yana kakkarwa, ko kuma wata rana jirgin ya mutu a sama ba gaira ba dalili, ya rikito. Na farkon asarar aiki ne. Na biyun yana iya zama asarar ido ko kan wani yaro da ke tsaye a ƙasa yana kallo.

Ra'ayina a taƙaice shi ne, sarbo ba kayan cike gurbi ba ne. Ana zaɓensa da sikeli da lissafi, kuma dole a ware masa wutarsa daban, ko da hakan na nufin a rage tsadar kyamara.

Jirgi mai farfela huɗu ba ya tafiya sai ya karkata. In zai yi gaba sai ya sunkuyar da goshi, in zai yi gefe sai ya kishingiɗa, in iska ta buge shi sai ya gyara tsayuwa nan take. Kyamarar da aka ɗaure a jikinsa duk wannan za ta nuna. Aikin mazaunin shi ne ya juya kyamara saɓanin karkatar jirgi, daidai gwargwado, a daidai lokaci, domin sararin sama ya zauna a sama, ƙasa ta zauna a ƙasa.

Duk ɗalibin da ya zo wurina da irin wannan aiki, kafin mu taɓa jirgi ina miƙa masa ƙaramin sukundireba ya kwance sarbo ɗaya. Dogayen sukurori huɗu ne a gindinsa. Idan murfin ya ɗago za ka ga ɗan inji da bai kai kan ɗan yatsa girma ba, da jerin giya suna hawa kan juna, da allo ɗan mitsitsi. A ƙarƙashin giyar ƙarshe, wadda hannun sarbo ke zama a kanta, akwai wani ɗan abu mai juyawa, irin wanda ke bayan maɓallin ƙara muryar tsohon rediyo. Shi ne ke shaida wa allon inda hannu yake a yanzu. Wayoyi uku ke fita: ja ta wuta, baƙa ko ruwan ƙasa ta nagatif, sai ruwan goro ko fara ta umarni. A kan wayar umarni ake aiko da ɗan bugun wuta sau 50 a sakan ɗaya. Tsawon bugun shi ne saƙon. Ana auna shi da maikurosakan, wato kashi ɗaya cikin miliyan na sakan: 1500 na nufin tsakiya, 1000 wani gefe, 2000 ɗaya gefen. Allon ya kwatanta inda aka ce hannu ya je da inda yake, ya kunna inji har su yi daidai.

A nan matsalar take. Da allon zai bi kowane ɗan bambanci, da sarbo bai taɓa hutawa ba, zai yi ta tsuma har ya ƙone. Don haka masu ƙera shi suka bar wani ɗan gibi: idan canjin umarni bai kai wani mizani ba, sarbo ba ya motsi ko kaɗan. A masu araha gibin yana kai maikurosakan 5 zuwa 10, wanda ya yi daidai da rabin digiri zuwa kusan digiri guda. A ido ba komai ba ne. Amma ka ɗaga kyamara mita 100 sama tana kallon ƙasa, rabin digiri ya zama kusan santimita 87 a ƙasa. Saboda haka ne hoton sarbo mai araha ke tafiya tsalle-tsalle: ya tsaya cak, kuskure ya taru, sannan ya zabura ya cike shi a lokaci guda. Ƙari a kan haka akwai girgiɗin giya. Riƙe hannun sarbo da yatsu biyu alhali yana kunne, ka ɗan motsa shi hagu da dama, za ka ji yana ɗan lilo kafin ya ƙi. Wannan lilon babu manhajar da za ta cire shi, domin a tsakanin haƙoran giya yake.

Manyan masu ɗaukar fim daga sama sun sha wannan wahala kafin mu. Har wajen 2012 mazaunansu da sarbo suke aiki, suna haɗa shi da bel da fuli don rage girgiɗi, suna cire ɗan ma'aunin da ke ciki su mayar da shi kan ainihin sandar da kyamara ke juyawa a kai. Abin da ya sauya lamarin shi ne amfani da inji mara burushi wanda aka yi wa naɗin siririyar waya, yana juya kyamara kai tsaye ba giya ko ɗaya, tare da ɗan ma'aunin motsi da aka manna a jikin kyamarar kanta. Kamfanin DJI na birnin Shenzhen a ƙasar Sin ya fitar da Zenmuse Z15 a 2012. A wannan tsakanin wani injiniya ɗan Rasha, Aleksey Moskalenko, ya fito da allon SimpleBGC, wanda aka fi sani da AlexMos, ya sa mai ƙaramin ƙarfi ma ya iya haɗa irin wannan mazauni a gida. A 2013 kamfanin Freefly na Amurka ya nuna MoVI na riƙewa a hannu. Zuwa 2016, Phantom 4 na DJI ya zo da mazaunin da kamfanin ya ce girgizarsa ba ta wuce kashi 2 cikin 100 na digiri ba. Kwatanta wannan da rabin digirin da muka lissafa ɗazu.

Don haka ba na ɓoye wa kowa: wanda burinsa ɗaukar bidiyon biki ko fim da za a biya shi kuɗi, ya bar sarbo. Duk yadda ya kai ga iya saiti, ba zai kamo mazauni mai inji mara burushi ba, kuma irin waɗannan mazaunai na ƙananan kyamarori yanzu ana samunsu a haɗe. Ɓata lokaci ne da kuɗi a yi ta sauya sarbo ana neman abin da ba a yi shi dominsa ba.

Amma kuma ba na tare da masu cewa zamanin sarbo ya wuce gaba ɗaya. Akwai ayyuka da dama da har gobe shi ya fi dacewa. Mai ɗaukar hotunan gona ɗaya bayan ɗaya don a harhaɗa su a yi taswira, abin da yake buƙata shi ne kyamara ta ci gaba da kallon ƙasa. Mai duba rufin gini ko turken sadarwa yana son ya ɗaga kyamara ya sauke ta daga nesa. Mai jirgi mai fukafukai yana son abu mara nauyi da iska ba za ta ture ba, kuma a nan sarbo ya fi, domin giya na riƙe kaya da ƙarfi, alhali inji mara burushi yana saurin sakin jiki idan iska ta yi yawa ko nauyi ya karkace. Ga ɗalibi kuwa, babu malami kamar sarbo. Yana da arha, ana buɗe shi a ga cikinsa, kuma manhajar ArduPilot tana iya sarrafa mazauninsa kai tsaye ba sai an sayi wani allo ba.

To, idan sarbo ne, wanne? Amsar tana farawa daga sikeli. A auna kyamara da abin da ke riƙe ta. Ƙarfin murɗawar sarbo ana rubuta shi da kilogiram-santimita. SG90 na TowerPro, shuɗin nan mai giram 9 da giyar roba, an rubuta masa kusan 1.8 a kan bolt 4.8. Ɗan'uwansa MG90S mai giyar ƙarfe, giram 13 da ɗoriya, yana kai 2.2 a kan bolt 6. Babbansu MG996R, mai giram 55, yana kai 11 a kan bolt 6. Yanzu ɗauki kyamara mai giram 100 wadda tsakiyar nauyinta ta goce santimita 3 daga sandar juyawa. Lissafin ya ba da 0.3 kacal. Sai ɗalibi ya ce, "Malam, ashe ƙaramin ma ya isa har da rara." Ya isa, amma rarar ba ta kai yadda ake gani a kan tebur ba. Lambar da ke jikin kwali ita ce iyakar ƙarfinsa lokacin da aka danne shi ya kasa motsi, ba ƙarfin da zai yi aiki da shi cikin sauri ba. A sama akwai iska, akwai fizgar jirgi idan ya ja birki, akwai bugun sauka. Shi ya sa nake cewa a nemi wanda ya ninka lissafi sau uku ko huɗu.

Wasu kuma sai su tsallaka ɗaya ɓangaren, su ce bari a sa babba a huta. MG996R biyu giram 110 ne, sun fi kyamarar nauyi, sun fi ƙananan nauyin jiki wajen juyawa, kuma suna shan wuta ninkin-ba-ninkin. Kowane giram da aka ƙara, lokacin tashi ake ragewa.

Abin da ya fi girman sarbo muhimmanci shi ne daidaita nauyi, kuma kyauta ne. Kafin a haɗa hannun sarbo, a ɗora kyamara a mazauninta, a karkata ta a saki. In ta zauna a inda aka bar ta, an dace. In ta rinjayi gaba ko baya, a matsar da ita har ta daina. Sarbon da ke ɗauke da kyamara mai rinjaye yana aiki ko da jirgi na tsaye, za ka ji yana ta ƙugi, ka taɓa shi ka ji ɗumi. Haka kuma kada a rataya nauyin kyamara a kan sandar sarbo ita kaɗai, a sa boris a ɗaya gefen ya tallafa. Bayan wannan, in kuɗi ya kai, a sayi sarbo na dijital mai boris a ciki: gibinsa ƙarami ne, yana gyara tsayuwa sau ɗaruruwa a sakan, kodayake ya fi shan wuta. Giyar ƙarfe ta fi jure bugu, amma idan ta ci sai girgiɗinta ya fi na roba, don haka ba kullum ƙarfe ne ya fi ba. A kuma sani cewa kasuwa cike take da jabu masu ɗauke da sunayen da na ambata, wani ma a rubuta ƙarfe a kwali, a buɗe a tarar giya ɗaya ce ta ƙarfe. Araha ba ta ado.

Rawar nan mai kama da igiyar ruwa da ke bin hoto kuwa, ba laifin sarbo ba ce. Farfela ce mara daidaito. Injin da ke juyi 6000 a minti yana girgiza sau 100 a sakan, sarbo kuma sau 50 yake karɓar umarni. Maganinta a daidaita farfela, a sa robobin tsotse girgiza tsakanin jirgi da mazauni.

Yanzu batun wuta, wanda shi ne ainihin abin da ya sa na ɗauki alƙalami. Sarbo ba ya shan wuta daidai wa daida. In yana zaune ɗan kaɗan yake sha. Da zarar ya tashi motsi, ko ya juya baya farat ɗaya, ko wani abu ya tokare shi, sai ya zuƙi wuta mai yawa a lokaci guda. Ƙaramin SG90 yana iya wuce rabin amfiya. MG996R an rubuta masa amfiya 2.5 idan ya maƙale. Duk wanda ya taɓa kunna injin jan ruwa a kan ƙaramin janareta ya ga yadda kwan fitila ke dushewa na ɗan lokaci kafin ya dawo. Abin da ke faruwa ke nan a layin bolt 5 na jirgi. Bambancin shi ne, abin da ke kan layin ba kwan fitila ba ne, allon sarrafa tashi ne da na'urar karɓar umarni daga rimot. Idan wuta ta faɗi ƙasa da abin da suke buƙata, ko da na ƙiftawar ido ne, sai su mutu su sake kunnuwa daga farko. Allon da ya sake kunnuwa ba ya tayar da farfela da kansa. Abin da ya faɗo daga mita 50 kuwa sakan uku da ɗan kai yake yi kafin ya taɓa ƙasa.

Ana iya ganin wannan a kan tebur, kuma ina roƙon kowane mai haɗa jirgi ya gani da idonsa. A cire farfela duka tukuna. A kunna jirgi, a ɗora mita a kan layin bolt 5, a sa mazauni ya fara aiki. Sannan a riƙe kyamara da hannu a hana ta juyawa na sakan ɗaya ko biyu. A jirgin da sarbo ke shan wuta ɗaya da allo, za ka ga lambar mita ta zame daga 5 ta yi ƙasa, fitilar allo ta ƙifta, sannan ka ji injinan farfela sun sake yin ƙarar nan da suke yi idan an saka batir. Ɗalibi yakan ɗago kai ya ce, "Malam, ai ban taɓa batir ba." Ba ka taɓa ba, sarbonka ne ya kashe allon. Kuma mita ma ba ta nuna iyakar faɗuwar, domin abin ya fi ta sauri.

Masu ƙera Pixhawk, allon da ya samo asali daga aikin Lorenz Meier da abokansa a jami'ar ETH da ke Zurik, sun san wannan sarai. Shi ya sa na'urar da ke ba allon wuta ba ta ba layin sarbo komai. Ka soka sarbo a Pixhawk ba tare da ka kawo masa wuta daban ba, ba zai motsa ba, kuma da gangan aka yi haka. Bayanan ArduPilot sun kuma gargaɗi masu jirgi mai farfela da kada su soka sarbo a manyan ramukan da ke aika wa injinan farfela umarni, domin can sau 400 ake bugawa a sakan, abin da ke iya ƙona sarbo na gama-gari. Ramukan AUX aka tanada dominsa. Masu gwaji da allon Arduino Uno su ma su tuna cewa wutar da ke shigowa ta USB fiyus na rabin amfiya ke tsaronta.

Wutar daban ɗin daga ina? Daga na'urar rage wuta da ake kira BEC, wadda ke ɗaukar wutar babban batir ta mayar da ita bolt 5 ko 6. Iri biyu ce, kuma a yanayinmu bambancin ba ƙarami ba ne. Irin da ke zuwa a cikin na'urorin sarrafa gudun inji masu araha, ƙona rarar wutar take yi ta zama zafi. Batir mai sel uku idan ya cika bolt 12.6 ne. A rage shi zuwa 5, rarar 7.6 ce. A ja amfiya 2 da aka rubuta a jikinta, wat 15 na zafi ke nan a kan ɗan abin da bai kai ƙwayar wake biyu ba, a cikin leda, a manne da na'urar da ita ma zafi take. A watan Afrilu, lokacin da zafin Kano ko Sakkwato ke haura digiri 40, ba za ta jure ba, za ta yanke wuta don kare kanta. Da batir mai sel huɗu, bolt 16.8, abin ya fi muni. Ɗaya irin, wadda ake sayarwa da sunan UBEC, datsa wutar take yi da sauri maimakon ƙona ta, zafinta kaɗan ne, nauyinta giram kaɗan, kuma kuɗinta bai kai na farfela saiti biyu ba. Ita za a saya.

Wajen zaɓenta a haɗa iyakar abin da kowane sarbo ke sha idan ya maƙale, a ƙara rara. Ƙananan sarbo biyu, mai amfiya 3 ta wadatar. Manya biyu, a nemi wadda ta haura 5. Jar waya da baƙa na sarbo su tafi ga UBEC, wayar umarni ta tafi ga allo, sannan a haɗa nagatif ɗin UBEC da na allo. Wannan haɗin na ƙarshe shi ake yawan mantawa, kuma in babu shi sarbo zai yi ta fizge-fizge kamar ya lalace. A sa kafasito mai girman 470 zuwa 1000 maikurofarad kusa da sarbo don ya tare zuƙar farat ɗaya. A guji siraran wayoyin allon gwaji, a yi amfani da waya mai kauri a gama ta da dalma. A nisanta UBEC daga kamfas da GPS. A kuma duba bolt: yawancin sarbo tsakanin 4.8 da 6 suke, batir mai sel biyu kuwa 8.4 ne idan ya cika, ba a haɗa shi kai tsaye sai ga sarbon da aka rubuta masa haka.

Na san amsar da za a ba ni, domin na sha jin ta: kaya sun yi tsada, dala ta tashi, ɗalibi da kyar ya haɗa kuɗin aikin. Gaskiya ne, kuma ba na raina wannan wahala. Amma duk abin da na lissafa, UBEC da kafasito da waya mai kyau da boris, shi ne mafi arha a jikin jirgin, kuma shi ke tsaron mafi tsada. Wanda ba shi da halin saye, ya ɗaure kyamara a tsaye ba mazauni, jirginsa ya fi aminci a haka. Kuma kada a manta, tun 2016 hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, ta ce ba a tashin irin wannan jirgi sai da izininta da na ofishin mai ba shugaban ƙasa shawara kan harkokin tsaro. Idan jirgin gida ya faɗa kan mutane a taro, ba mai shi kaɗai zai ji a jika ba, duk masu wannan sana'a za a ƙara matse wa.

Roƙona ga malamai 'yan'uwana masu duba ayyukan ɗalibai: kada a ba da maki don jirgi ya tashi a filin makaranta an yi tafi. A nemi ɗalibi ya nuna nauyin kyamararsa, lissafin ƙarfin sarbonsa, da zanen inda kowace jar waya ta fito. A sa shi ya cire farfela ya riƙe kyamara a gaban mai jarrabawa, a ga ko allon zai ƙifta. Masu shago kuma, don Allah, idan yaro ya zo sayen sarbo don jirgi, ku tambaye shi da me zai ba shi wuta, ku ajiye UBEC a kusa da inda kuke ajiye sarbo.